Hular da Ta Matse Baba a Kan Tsauni

Babana bai taɓa yin rashin lafiya ba. Ku tambaye shi, da bakinsa zai gaya muku. Kayan da ke kewaye da shi ne kawai suke lalacewa. In zazzaɓi ya kama shi, fanka ce ta cika gudu. In bayansa ya riƙe, katifa ce ta lotsa, kuma wanda ya sayar da ita macuci ne. Shekarar da haƙorinsa ya ruɓe har kunci ya kumbura ya rufe masa ido ɗaya, cewa ya yi Umma ta canza cokula, waɗannan sababbin kaifi gare su. Umma kuwa ta canza. A gidan da na tashi an canza fanka, an canza katifa, an canza tabarau ba adadi, amma mai amfani da su garau yake, a faɗarsa.

Ma'aikacin wutar lantarki ne, mai hawa falwaya, tun kafin a haife ni har ya yi ritaya. Abokan aikinsa Kadangare suke ce masa, saboda yadda yake manne wa turke ya haye kafin na ƙasa ya gama jingina tsani, in ya kai can sama kuma ya tsaya yana gyaɗa kai yana kallon gari. A wurin aikin nan ya kwaso wannan hali. Dokarsu ita ce, duk wanda ya ce yana jin jiri a sama, an sauke shi ke nan, a mayar da shi sito yana naɗe tsohuwar waya har ya tsufa. Babu abin da mahayi yake tsoro kamar sito. Don haka ba a cewa jiri, ba a cewa na gaji. Sai dai ka ji na sama ya ce filayar nan ba ta kamawa, ko safar hannun nan ta huje. Na ƙasa ya san zancen, sai ya ce to sauko a canza.

Abokin aikin Baba na tsawon shekarun nan wani dogon mutum ne da muke kira Kawu Tsani, don an ce in yana wuri ba a bukatar tsani. Mutum ne mai sanyi, magana ma sai ya ga dama. Baba kuwa ba shi da abin zolaya kamar bel ɗin hawa na Kawu Tsani, ɗamarar fatar da mahayi yake ɗaure kansa da ita a jikin turke. Muna yara mun haddace labarinsa: bel ɗin da ya fi kowane bel lalacewa a duniya, yau ƙarfensa ya saki, gobe ɗinki ya warware, kullum sai Baba ya bar aikinsa ya sauko ya duba masa. Kawu Tsani yana zaune a falonmu ana wannan cin fuska, sai dai ya yi murmushi ya kurɓi shayinsa.

Daga kan falwaya, in an yi ruwa gari ya washe, ana hango wani tsauni can nesa, kansa fari fat. Su biyun suka yi alkawari in sun ajiye aiki za su hau shi da ƙafa. Suka ajiye aikin, ana ta sai bana sai baɗi, har ciwo ya kwantar da Kawu Tsani bai tashi ba. Baba ya dawo daga gidan rasuwar da bel ɗin a hannu, ya buga ƙusa a ɗakin ajiyar kayansa ya rataye shi. Bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya dai ce hayaƙin motoci ya yi yawa a garin nan, ido ba ya hutawa.

Bayan 'yan watanni, muna cin abinci, ya sanar da mu cewa zai hau tsaunin.

Yaya babba ya ce aiki ya sha masa kai. Ƙaramin yayana ya ce matarsa ta kusa haihuwa, alhali cikin bai ma fito ba. Suka juyo suka zuba mini ido, ni auta, malamar makaranta mai dogon hutu, kamar ni ba ni da abin da zan yi da rayuwata. Haka tafiyar ta faɗo a kaina, kuma har yau ban yafe musu ba.

Tun daga shiri rigima ta fara. Masu kai mutane tsaunin suna da hanya biyu: gajeriya mai miƙewa tsaye, da doguwa mai zagaye, wadda ake kwana a zango-zango, har da ranakun da ba a yin gaba sam, a zauna jiki ya saba. Baba ya dangwala yatsa a kan gajeriyar.

"Wannan za mu bi. Zagayen na mene ne, kamar waɗanda suka ɓata?"

"Baba, don jiki ya saba ne."

"Jikin wa? Ni za a koya wa sama?"

Da ƙyar na ja shi wurin likita, shi ma sai da na ce masa masu tafiyar ba sa ɗaukar kowa sai likita ya duba shi. Likitan ya auna zuciya, ya auna jini, ya ce ga shekarun Baba ba laifi. Baba ya kalle ni yana gyaɗa kai. Daga nan likitan ya yi mana bayanin ciwon tsauni. Ya ce iskar can sama ba ta ƙosar da jiki kamar ta nan, numfashi ɗaya ba ya yin aikin da ya saba yi, kuma jiki yana iya sabawa amma sai an ba shi lokaci. Alamun farko su ne ciwon kai, da tashin zuciya, da ƙin abinci, da rashin barci. Wanda ya ji su kada ya ƙara hawa sai sun lafa. In kuwa mutum ya fara tangaɗi, ko ya ruɗe, ko numfashi ya gagare shi yana zaune, to saukowa ce kawai magani, kuma nan take, don abin yana kisa. Ya ƙara da cewa ciwon bai san mai ƙarfi ba, sau da yawa ma masu ƙarfin ya fi kayarwa, don su ne masu sauri.

"Abu mafi muhimmanci, Baba," in ji likitan, "in ka ji wani abu a jikinka ka faɗa."

"Ai ni ba na ɓoye-ɓoye," in ji Baba.

Na dubi silin. Da muka fito ya ce likitan yaro ne mai hankali, sai dai kujerar ofishinsa tana sa ƙafa ta yi sanyi.

Doguwar hanyar dai na biya mana, na ce masa gajeriyar ta cika. Muka shiga motsa jiki. Kullum da safe sai mu hau matattakalar wani dogon bene da ke kusa da kasuwa, kowa da jaka a baya. Ina tsakiya ina haki, shi ya kai sama ya leƙo yana tambaya ko barci nake yi. Takalman tafiya ma shi ya zaɓa mini. Ya tasa mai shagon gaba, ya lanƙwasa wannan, ya shinshina wancan, ya zura hannu cikin kowane ɗaya yana laluben ɗinki, sai da ya kusa ƙure haƙurin bawan Allah kafin ya ce ga na kirki. Ya sa ni yawo da su makonni, har makaranta, don su saba da ƙafata. Gaskiya takalma ne, ban taɓa sa masu daɗinsu ba.

Ana gobe za mu tashi na shiga ɗakin ajiya neman filas. Umma ta biyo ni ta tura ƙofa.

"Auta, saurara. In ya ce hula ta matse shi, kansa ne. In ya zagi abinci, zuciyarsa ce ke tashi."

"Umma, a gidan nan aka haife ni."

"To ga wanda ba ki sani ba." Ta sauko da bel ɗin Kawu Tsani ta miƙa mini. "Duba shi."

Na juya shi. Fata mai kauri, ɗinki ras, ƙarfe yana kamawa ƙas. Babu abin da ya same shi.

"Bel ɗin nan bai taɓa lalacewa ba," in ji Umma. "Sauran ma'aikata in suka zagi filaya, ana ce musu su sauko, su sauko. Babanki ko hakan ba ya yarda, sai ya ce zai lallaɓa da ita. Shi ya sa in marigayi ya ga ya fara zagin kaya, sai ya ce nasa bel ɗin ne ya saki, babanki ya zo ya taimake shi. Don kansa ba ya saukowa, amma don wani zai sauko. Ki riƙe wannan."

Raina ya ɓaci. Wato mutum da furfura, da jikoki, sai an yi masa wasan yara kafin a ceci ransa? Na ce da ita ni ba zan iya ba. Ita da Kawu Tsani su suka ɓata shi, shekara da shekaru ana canza masa cokula. Likita ya ce a faɗa, kuma wannan karon sai Baba ya buɗe baki ya faɗa kamar kowa. Umma ta karɓi bel ɗin ta mayar kan ƙusa.

"Ni dai ki dawo mini da shi," ta ce.

Jagoranmu wani gajeren mutum ne mai tafiya kamar ya ɗauko ƙwai a ka. Ran farko ya tara mu, mu da wasu matafiya kaɗan da 'yan dako, ya shimfiɗa dokokinsa. Ba a wuce shi. Ana shan ruwa ko ba a jin ƙishi. Da rana za mu riƙa hawa mu ɗan wuce zango, sa'an nan mu gangaro mu kwana a ƙasa da inda muka kai. Kuma kowace safiya zai tambayi kowa kansa da cikinsa da barcinsa, yana son gaskiya.

Baba ya karya dokokin nan ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa, kamar aikin da aka ba shi. Tafiyar jagora ta ishe shi tun kafin mu fita daga cikin itatuwa. Shi a saninsa sama wuri ne da ake hawa da sauri, a gama aiki a sauko, ba wurin yanga ba. Sai ya faki ido ya yi gaba, mu tarar da shi a kan dutse ya harɗe ƙafa yana jiranmu. Ruwa kuwa ba ya sha. Mahayin falwaya ba ya cika ciki da ruwa kafin ya hau, don babu bayan gida a kan turke, kuma wannan ɗabi'a ta bi jikinsa. In na miƙa masa gora sai ya jiƙa leɓe ya dawo mini da ita. Ƙwayoyin da likita ya rubuta masa, waɗanda ke taimaka wa jiki ya saba, ya sha na farko-farko ya daina. Ya ce na jabu ne, maganin gaske ba ya sa dattijo zarya bayan duwatsu. Ranar hutu da aka ce kowa ya zauna, shi ya zagaya zangon yana ɗaure wa mutane igiyoyin tanti, yana cewa duk wanda ya yi wannan ƙulli bai san aiki ba.

Kowace safiya jagora zai tsuguna a gabansa.

"Baba, yaya kai?"

"Garau."

"Barci fa?"

"Kamar jariri."

Ni da ke tanti ɗaya da shi na san irin juyin da ya kwana yana yi. Amma ya ce ƙasar wurin ce ba a share ta da kyau ba.

Da muka bar itatuwa muka shiga inda babu komai sai tsakuwa da iska mai yankan kunne, sai hula ta fara matsewa. Hular ulu ce da Umma ta saƙa masa, wadda ya sa duk sanyin bara ba ta matse shi ba. Ya faɗa wa jagora, jagora bawan Allah ya buɗe jakarsa ya ba shi tasa. Ita ma ta matse. Da yamma ya ture kwanon abinci ya ce mai dafuwar bai wanke tukunya ba. Mai dafuwar ya ji haushi ya kawo tukunyar a gani. Na ja jagora gefe na gaya masa yadda ake fassara Baba. Ya dube ni kamar na zo masa da tatsuniya, amma ya ƙara mana kwana a wannan zangon, ya ce don kowa ne. Baba ya ɗan warware, ya ci abinci, ya ce an dai wanke tukunyar yau. Muka ci gaba.

A cikin tanti na tsare shi.

"Baba, kanka yana ciwo."

"Wa ya gaya miki?"

"Ka faɗa mana. Ba wanda zai kai ka sito a nan."

Ya juya mini baya ya ja bargo. Ya ce tun ina ƙarama bakina ya fi ni girma.

Zango na ƙarshe yana gindin ƙololuwar. Daga bakin tanti kana ganin farin kan nan da suka yi shekaru suna hange, kusa ƙwarai, kamar ka miƙa hannu. Da gari ya waye na fito na tarar da Baba zaune a kan dutse. Ya yi amai a bayan tanti ya tura tsakuwa ya rufe. Hular Umma tana kan cinyarsa, ya tsaga bayanta da wuƙa don ta saki. Kansa a buɗe cikin wannan sanyi, fuskarsa ta kumbura, ya dafe goshi da hannu biyu. Igiyar takalminsa ɗaya a kwance, shi da ba ya barin ƙulli a sake.

Jagora ya zo ya dube shi, bai ma yi tambayar da ya saba ba. Ya ja layi a ƙasa da sandarsa.

"Baba, taka mini wannan. Dunduniya a gaban yatsu, a hankali."

Baba ya miƙe ya taka. Bai yi nisa ba ya karkace, sai da wani ɗan dako ya tare shi.

"Layinka a karkace yake," ya ce, maganar tana fita da nauyi. "Ni na ja waya, na san miƙaƙƙen layi. Kuma hular nan ta dame ni."

A nan haƙurina ya ƙare. A gaban jagora, a gaban 'yan dako, a gaban baƙin da ba su san mu ba, na ɗaga murya.

"Wace hula, Baba? Babu hula a kanka! Kai ne ba ka da lafiya! Kanka ke ciwo, amai ka yi, tafiya ma ta gagare ka. Don Allah sau ɗaya a rayuwarka ka ce ba ka da lafiya!"

Baba ya dube ni, ya dubi mutanen da suka sunkuyar da kai. Ya ɗauki sandarsa ya juya ya kama hanyar sama shi kaɗai, yana tafe yana tangaɗi, igiyar takalmi tana jan ƙasa.

Jagora ya matso kusa da ni. "Malama, dole mahaifinki ya sauka yanzu, ba anjima ba. In ya ƙara hawa, ɗaukarsa za mu yi, kuma ban yi miki alkawarin yadda za mu kai shi ba. Zan iya sa a kama shi da ƙarfi, amma kokawa a wannan hali ita ma hatsari ce. Wa yake jin maganarsa?"

Wanda yake jin maganarsa, Kawu Tsani, yana cikin kabari. Na tsaya ina kallon bayan Baba, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ga haushi kamar in fashe. Gaskiya ce a bakina, kowa a wurin ya san gaskiya ce, kuma ita ce take tura shi sama. Na bi shi da ɗan saurin da iskar wurin ta bari. Da na kusa cim masa na zube a kan wani dutse, na kwance takalmin hagu na cire.

"Wayyo, Baba! Takalmin nan ya cinye mini ƙafa!"

Ya tsaya, amma bai juyo ba.

"Ba zan iya takawa ba, Baba. Tun jiya nake daurewa. Zo ka duba mini."

Ya daɗe a tsaye. Sa'an nan ya juyo a hankali, ya dawo yana dogara sanda, ya zauna kusa da ni da ƙyar. Ya karɓi takalmin. Ya zura hannu ciki yana lalube, yadda ya yi a shago, daga dunduniya har yatsu. Ya lanƙwasa shi. Ya dubi ƙafata, safa fes, ko ɗigon jini babu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana duba kayan aiki ba za a ruɗe shi da takalmi ba, ko da kansa yana sarawa. Ya ɗaga ido ya kalli ƙololuwar, ya yi ta kallo.

"Tun a shago na gaya miki takalmin banza ne," ya ce.

Shi fa ya zaɓa. Na haɗiye maganar da ta zo mini baki.

"Haka ne, ka gaya mini, Baba."

"Ba kya jin magana." Ya ɗago hannu ya yafito jagora. "Yarinyar nan ba za ta iya ba. Sai mu sauka da ita."

Jagoran nan Allah ya yi masa albarka, nan take ya gane karatun. Ya bar sauran matafiyan a hannun mataimakinsa, ya ce, "To Baba, ka riƙe ta da kyau kada ta faɗi." Ya ɗora hannun Baba a kafaɗata, wani ƙaƙƙarfan ɗan dako ya shiga ɗaya gefen wai don ya taya shi riƙe ni. Na ɗaure masa igiyar takalmi, na ce don kada in taka ta. Haka muka gangaro, nauyinsa duk a kanmu, shi kuwa yana ce mini in daure, saura kaɗan. Ruwa ma sai da na ce ina jin kunyar sha ni kaɗai kafin ya karɓi gorar ya sha na kirki.

Ba mu tsaya a zangon da ke ƙasa ba, jagora ya ce mu ƙara sauka. Kafin rana ta yi sanyi maganar Baba ta fara dawowa daidai. Da muka shiga cikin itatuwa ya zare hannunsa daga kafaɗar ɗan dakon, ya nemi abin da zai ci. Akwai wani ƙaramin asibiti a gindin tsaunin, suka duba shi suka riƙe shi kwana, suka ce mun sauko a kan lokaci, da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Baba ya ce gadonsu gajere ne.

Ni kuwa duk tsawon hanyar nan ɗingishi nake yi, don in na daina yana iya cewa mu koma. Ɗingishin ƙarya ya fi na gaske wahala, har ƙuguna ya riƙe. Muna dab da fita daga itatuwan, jagora ya ɗan yi gaba, Baba ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya.

"Auta, ɗazu da hagu kike yi."

Na koma hagu.

Da muka dawo gida sai sabon babi ya buɗe. Duk wanda ya zo sannu da zuwa sai ya ji labari. Tsofaffin abokan aikinsa suka cika falo, Baba a tsakiya yana nuna musu da yatsu biyu yadda ƙololuwar ta rage.

"Kamar nan da bakin titi! Ni garau nake. Takalman yarinyar nan ne suka cuce mu."

Suka gyaɗa kai gaba ɗaya, suka ce ai takalman yanzu ba su da aminci. Wani tsoho a cikinsu ya daɗe yana kallona, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ci gaba da shan shayinsa. Yayyena kuwa, waɗanda ko matattakalar benen kasuwa ba su taka ba, suka samu abin yi. Babban ya ce da ma an san mace ba ta iya wannan tafiya. Ƙaramin ya riƙa kwaikwayon ɗingishina a tsakar gida, 'ya'yan babban suna dariya. Na shiga kicin na tarar da Umma tana ɗinke bayan hular da aka tsaga.

"Umma, kina ji fa! Wallahi sai na fita na faɗi gaskiya."

"Fita ki faɗa," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Ban fita ba. Na zauna a kan buhun shinkafa na ci kukana na haushi, ita kuma ta ci gaba da ɗinki.

Da hutu ya ƙare na zo haɗa kayana, na nemi takalman na rasa. Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan ƙofa, na tambayi yara. Takalma masu tsada, masu daɗi, ga sanyi yana tafe. Na ce lallai Baba ya jefar da su don labarinsa ya ƙara ƙarfi, na nufi ɗakin ajiya ina shirin rigima.

Yana ciki a kan 'yar kujerarsa, da gwangwanin man fata da tsumma a hannu. Ya buga sabuwar ƙusa a bango, dab da ta bel ɗin Kawu Tsani. Takalmana suna rataye a kanta, an ƙulle igiyoyinsu da irin ƙullinsa, an goge su suna ƙyalli.

"Baba, takalmana ne fa. Ina bukatarsu."

"Sayi wasu," ya ce. "Waɗannan sun lalace. Nan nake ajiye irinsu."

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa yana shafa wa bel ɗin mai, a hankali, yana bin ɗinkin da yatsa. Can ya goge ido da bayan hannu, ya ce man nan na yanzu yaji gare shi.

"Ƙwarai kuwa, Baba," na ce. "Ni ma ya shiga mini ido."